Amsa ga yarona kan wuƙar aljihu mai sifirin da wadda ake buɗewa da hannu

Ɗana, jiya bayan la'asar ka tambaye ni dalilin da ya sa na shawarci mutumin da ya kawo mana wuƙaƙe biyu da ya riƙe wadda ake buɗewa da hannu don aikinsa na kullum, alhali a ganinka mai sifirin ta fi sauri kuma ta fi ɗaukar ido. A lokacin aiki ya sha mana kai, ban ba ka amsar da ta dace ba, shi ya sa na zauna na rubuta maka, domin tambaya ce da masu kawo gyara za su yi ta jefo maka muddin kana wannan sana'a.

Da farko kada ka haɗa wuƙa mai taimakon sifirin da wadda ake danna maɓalli a jikin ƙota ruwanta ya fito da kansa. Wannan ta biyun ita ce Amurka ta kafa wa doka a 1958 don hana safararta tsakanin jihohi. Wadda ka tambaya a kai ba ta motsi sai ka tura ruwan da yatsanka ya ɗan buɗe, sannan sifirin ya karɓa ya ƙarasa. Maƙeri Blackie Collins ya yi irinta a tsakiyar shekarun 1990, amma wadda ta bazu a duniya ita ce ƙirar Ken Onion da kamfanin Kershaw ya fitar a 1998 da sunan SpeedSafe, kuma a 2009 majalisar Amurka ta gyara waccan doka ta ware irin wannan wuƙa daga cikinta.

Idan ka kwance ɗaya daga cikin na Kershaw ɗin, za ka tarar da siririn ƙarfe a lanƙwashe, kwance cikin wani rami da aka yi masa a cikin ƙota, bakinsa ɗaya kuma yana shiga ƙaramin huji a gindin ruwan wuƙar. Wannan ɗan ƙarfe aiki biyu yake yi. Idan wuƙar na rufe, shi ke danne ruwan kada ya fito, idan kuma ka tura ruwan ya wuce wani matsayi, sai ƙarfinsa ya juya ya cilla shi waje. Nan ne ainihin damuwata take. Ƙarfen da ake lanƙwasawa ana sakewa sau dubbai dole wata rana ya gaji ya karye, kuma da yawa daga cikin waɗannan wuƙaƙe ba a yi musu wani abin da zai riƙe ruwan a rufe ba in ban da shi. Ranar da ya karye, ruwan zai riƙa lilo, tsininsa ya leƙo cikin aljihu, mai ita ya sa hannu neman makulli ya yanke. Na gyara irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma wahalar ba a kwancewa take ba, a samun sifirin da ya yi daidai da ramin take, domin wanda za ka lanƙwasa da kanka ba kasafai yake zuwa da ƙarfin da ake buƙata ba.

Abu na biyu da nake so ka lura da shi, wanda masu saye ba sa dubawa, shi ne rufewa. Kowa buɗewa yake gwadawa a gaban mai sayarwa, ya ji ƙarar ta yi masa daɗi ya biya. Amma duk ƙarfin da sifirin ya ba ka wajen buɗewa, sai ka biya shi wajen rufewa, domin da hannunka za ka sake ɗana shi. Galibin waɗannan wuƙaƙe makullinsu wani faifan ƙarfe ne a cikin ƙota da kake turewa gefe da babban yatsa, wato yatsanka yana kan hanyar kaifi a daidai lokacin da kake danna ruwan da ƙarfi. Mutumin da hannunsa ke da jiƙa ko maiƙo, kamar mai fiɗa ko mai gyaran kifi, a nan yake samun rauni.

Ka kuma sani cewa wuƙar hannu ma sau da yawa tana da sifirin, sai dai aikinsa riƙewa ne kawai. Ƙarfen da ke bayan wuƙar Victorinox ta Suwizalan, wanda ke sa ruwa ya tsaya cak idan an buɗe, sifirin ne. Haka ma wanda ke bayan Okapi mai zobe, wuƙar da aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Opinel ta Faransa kuwa, wadda ake yi tun 1890, ba ta da sifirin ko kaɗan. Katako ne da ƙusa da ruwa, sai zoben kulle da aka ƙara mata a 1955. Irin waɗannan ko ƙura ta shige su, ka wanke, ka busar, ka ɗiga man keken ɗinki, sun koma aiki. Mai sifirin kuwa raminta cike yake da giris, kuma ka san abin da ƙurar hunturu ke yi wa giris a ƙasarmu: tana mayar da shi kamar taɓo, sifirin ya yi nauyi, ruwan ya tsaya a rabin hanya bai kulle ba, wanda ya fi wuƙa a rufe haɗari.

Game da saurin da ya burge ka, yau ba sai da sifirin ake samunsa ba. Tun 1981 kamfanin Spyderco ya huda rami mai faɗi a ruwan wuƙa don babban yatsa ya buɗe da hannu ɗaya. Daga baya maƙera suka zo da ɗan kunne a gindin ruwa da ake ja da manuniya, suka sa ƙananan boris ko washa ta tagulla a gaɓar, tare da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke riƙe ruwan a rufe har sai matsin yatsa ya rinjaye shi. Idan an daidaita waɗannan da kyau, wuƙar na buɗewa da saurin da ido ba zai bambance shi da na mai sifirin ba, kuma ta rufe da sauƙi. A nan ne nake da ƙorafi kan wuƙaƙe masu araha da suka cika kasuwa, domin sifirin mai ƙarfi yana ɓoye aikin da ba a yi da kyau ba. Gaɓa mai kaushi da washa ta roba za su buɗe da ƙara idan sifirin ya ture su, amma ka cire shi ka ji yadda ƙarfe ke goga ƙarfe.

Duk da haka kada ka ɗauka na haramta mai sifirin. Akwai wanda ita ce daidai da shi: dattijon da gaɓoɓin yatsunsa suka yi tauri, ko ma'aikacin da ke sanye da safar hannu mai kauri a kan tsani, hannu ɗaya na riƙe da waya ko igiya. Irin wannan mutum ka zaɓa masa wadda ke da ɗan makullin kariya da ke tsare ruwa a rufe, kamar wanda ke jikin wuƙar Kershaw mai suna Leek, ka kuma gaya masa gaskiya cewa sifirin abu ne mai ƙarewa. Idan matafiyi ne, ka tuna masa cewa doka ta bambanta; a Ingila, alal misali, wuƙar da aka yarda mutum ya ɗauka a bainar jama'a ba tare da wani dalili ba ita ce mai naɗewa marar makulli, wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba.

Mutumin jiya manomi ne, igiya da buhu da rake yake yanka, wuƙarsa tana kwana cikin ƙasa da zufa, kuma garinsu da nisa daga inda zai sami kayan gyara, shi ya sa na ce masa abin da ka ji. Mai sifirin ɗin tasa tana nan a cikin akwatin kayan aiki. Gobe da safe, in Allah ya kai mu, ka kwance ta a kan farin ƙyalle don kada ƙananan sukurori su ɓace, ka rufe ruwan rabi kafin ka ɗaga murfin ƙota domin sifirin ya saki ƙarfinsa, ka cire shi ka mayar da sauran, sannan ka buɗe ta ka rufe sau goma ka zo ka gaya mini abin da yatsanka ya ji a gaɓar.