Tambayi Likita: Tafiyar Yini Guda a Kan Tsaunuka

Tambaya: Likita, ni da abokaina za mu yi tafiyar ƙafa daga asuba zuwa magariba, mu haye tsaunuka uku, mu bi ta tafkunan da ke tsakaninsu. Ɗaya daga cikin tsaunukan ya haura mita 3,000. Jinina AS ne. Da matsala?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka ɗaura takalmi. Da an wuce mita 2,500, iskar oksijin da ke shiga jiki a kowane numfashi takan ragu sosai. Mai sikila, wato SS, ina ba shi shawara ya haƙura da wannan tafiya, domin ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa su ne ke tayar masa da ciwo, kuma duka ukun suna jiransa a can. Mai AS yawanci lafiya lau yake hawa ya sauko. Sai dai an sha samun waɗanda jini ya toshe musu a saifa suna kan tsauni. Alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba kafaɗa. In ka ji haka, kada ka ce bari a kai ƙololuwa tukuna. Ku juyo ƙasa, a nemi asibiti.

Abokanka ma ka sa musu ido. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya na nufin a dakata da hawa. Wanda kuwa ya fara tangaɗi, ko yana zaune amma numfashi na sarƙe masa, a sauko da shi nan take.

Tambaya: Ruwan tafkin kan dutse garau yake, har tsakuwar ƙasansa ake gani. Zan iya sha?

Amsa: Hajiya, ido ba ya ganin ƙwayar cuta. Akwai wadda ake kira Giardia, daga kashin dabbobi da na mutane take shiga ruwa, gudawarta kuma sai bayan mako 1 zuwa 2 take bayyana, kin riga kin manta da tafkin. Ki tafasa ruwan minti 1, in kin haura mita 2,000 ki ba shi minti 3. Wanka kuma ban so ki faɗa ciki tsundum. Sau da yawa ƙanƙara ce ta narke, sanyinta kan sa mutum ya ja numfashi ba shiri, ya shaƙi ruwa, ko da gwanin iyo ne.

Tambaya: Hawa ba ya damuna, saukowa ce ke cin gwiwata. Me zan yi?

Amsa: Malam, a gangara nauyin jiki kan gwiwa yake sauka, ga gajiyar yini. Ka riƙe sanduna biyu, ka taƙaita taku, ka rage kayan da ka goya. Ka kuma yanke farcen ƙafa kafin ranar, don kada ya yi ta dukan bakin takalmi har jini ya taru a ƙarƙashinsa.