Zanen ya ce "caji" 41, alhali mutum 24 na yi hira da su

Tambaya: Na yi hira da masu sana'ar POS 24 kan manhajar da suke aiki da ita, na sa wa kowace magana alama a Excel: "caji", "netwok", "jinkirin dawo da kuɗi" da sauransu. Da na fitar da zane, "caji" ya nuna 41. Kuma in na tace mata kaɗai, wasu alamomin ɓacewa suke yi. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, zanen bai yi ƙarya ba, maganganu yake ƙirgawa, ba mutane ba. Mutum ɗaya mai yawan ƙorafi da ya ambaci caji sau tara zai rinjayi mutum biyar da kowannensu ya yi kukan netwok sau ɗaya. A binciken masu amfani da manhaja kuwa, mutum nawa abin ya dama shi ne abin tambaya.

Ki fara da tsarin jadawalin. Kowane layi ya ɗauki magana ɗaya da alama ɗaya, tare da lambar mai maganar, misali M07, da jinsinsa da garinsa. In kin cusa "caji, netwok" a gida ɗaya (cell) na jadawalin, Excel zai ɗauke shi wata alama ce ta daban. Don raba su, a Power Query, wato sashen Excel na gyara bayanai, ki zaɓi Split Column by Delimiter, ki sa waƙafi, a Advanced options ki zaɓi Rows. Daga nan ki yi Trim, wato share tazarar da ta yi saura, domin tazarar da ke bayan waƙafi tana raba alama ɗaya gida biyu, ido kuma ba ya ganinta.

Sai ƙirga. Wajen buɗe PivotTable, wato jadawalin da ke taƙaita bayanai, ki ɗora alamar amincewa a kan Add this data to the Data Model. Alamomi su tafi Rows, lambar mutum ta tafi Values, sannan a Value Field Settings ki gangara can ƙasa ki zaɓi Distinct Count, wanda ke ƙirga kowane mutum sau ɗaya tak. In ba ki ɗora waccan alamar amincewar ba, ba za ki ga wannan zaɓin ba sam. Yana nan tun Excel 2013 a Windows. A Google Sheets sunansa COUNTUNIQUE. Yanzu babu alamar da za ta wuce 24.

Ɓacewar alamomi kuma, na fi zargin an rubuta jinsi a layin farko na kowane mutum kawai, ko an haɗe gidajen. Matatar sai ta kama layin farko ta zubar da sauran. Ki raba gidajen, ki yi Fill Down a Power Query don jinsin ya cika sauran layukan mutumin. In bayan haka alama ta ci gaba da ɓacewa, to babu macen da ta ambace ta, wannan ma sakamako ne da ya kamata ya shiga rahoto. Shi ya sa na fi son jinsi ya zauna a Columns maimakon a tace, maza da mata su fito kafaɗa da kafaɗa.

Zanen ya zama na sanduna a kwance, daga babba zuwa ƙarami, don sunayen alamomi su karantu. Ki guji na da'ira mai yanka-yanka: mutum ɗaya yana cikin alamomi da yawa, jimillar za ta haura ɗari bisa ɗari. In matan shida ne, ki rubuta "4 cikin 6", kada ki ce kashi 67. Duk gyaran da kika yi a jadawali kuma sai kin danna Refresh All, in ba haka ba tsohon lissafi zanen zai ci gaba da nunawa.