Shin safar hannu da takunkumi sun isa kariya a ɗakin gwaje-gwaje?

Tambaya: Ni sabuwar ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje inda muke karɓar jini da kaki na marasa lafiya. Kullum ina sa safar hannu da takunkumi da rigar aiki, amma manyanmu suna yawan yi mini gyara a kan yadda nake buɗe na'urar juya samfur da yadda nake aiki a akwatin kariya, wato akwati mai gilashi a gaba da muke sa hannu a cikinsa muna aiki da samfur. Tunda na riga na suturta jikina, me ya sa aka tsananta ƙa'idar na'urorin haka?

Amsa: Malama, manyanki suna da gaskiya, domin kayan da kike sawa a jiki su ne katanga ta ƙarshe, ba ta farko ba. Safar hannu tana tare abin da ya taɓa fata, amma mafi yawan haɗarin aikinku yana cikin ƙananan ɗigon ruwa da ke tashi a iska, waɗanda ido ba ya ganinsu, kuma takunkumin tiyata da aka saba sawa ba a yi shi don tace irinsu ba. Wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Pike ya tattara bayanan ma'aikata kusan 4,000 da suka kamu da cuta a wurin aiki, ya wallafa a 1976, ya nuna cewa ƙasa da kashi 20 cikin 100 ne aka san hatsarin da ya jawo musu ciwon, kamar sukar allura ko zubewar samfur. Sauran ba su tuna wani abu da ya faru ba, kuma shaƙar wannan feshi aka fi zargi.

Na'urar juya samfur tana gaba wajen tayar da feshin, saboda tana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, kuma ƙaramar tsaga a jikin kwalba ko murfin da bai zauna daram ba ya isa ya cika cikinta da ƙwayoyin cuta. Saboda haka kafin ki kunna ta, ki duba kowace kwalba, ki daidaita nauyin ɓangarorin da ke fuskantar juna, ki yi amfani da mazubi mai murfin da ke toshe iska. Idan samfurin kaki ne da ake zargin yana ɗauke da tarin fuka, a cikin akwatin kariya ake loda mazubin kuma a can ake buɗe shi. Idan kika ji ƙarar fashewa tana cikin juyi, ki kashe ta, ki bar murfin a rufe na tsawon minti 30 don feshin ya kwanta, ki sanar da shugabanki. Ɓaraguzan gilashi kuwa da hantsaki ake tsince su, ba da yatsa ba, ko da akwai safa a hannun.

Akwatin kariya shi ne inda na fi ganin ana yaudarar kai, domin mutum yakan ɗauka gilashin da ke gabansa ne yake kare shi. Iska ce take kare shi. Akwatin aji na 2, wanda ya fi yawa a ɗakunan gwaje-gwaje, yana zuƙar iskar ɗaki ta ramukan da ke bakinsa, yana kuma sauko da tatacciyar iska daga sama, sannan ya bi da ita ta matatar HEPA, wadda take kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Duk abin da ya dagula wannan tafiyar iska ya karya kariyar. Takarda ko gwiwar hannu da aka ɗora a kan ramukan gaba, fitar da hannu da sauri, mutum ya gifta da hanzari ta bayanki, ko buɗe ƙofar da ke kusa, kowannensu yana iya fito da gurɓatacciyar iska zuwa fuskarki. Ki bar shi ya yi aiki kamar minti 5 kafin ki fara da bayan kin gama, ki ajiye kayan aiki aƙalla santimita 10 daga ramukan gaba, kuma kada ki kunna wuta a ciki, domin zafinta yana hargitsa iskar kuma yana iya lalata matatar. Dole ne ƙwararre ya gwada shi aƙalla sau ɗaya a shekara da duk lokacin da aka sauya masa wuri.

Akwai wani tebur mai kama da shi wanda yake huro tatacciyar iska kai tsaye zuwa ga ma'aikaci. An yi shi ne don kare samfur daga ƙura, kuma sa kayan majiyyaci a kansa daidai yake da hura wa kai cutar. Ki tabbatar kin san wanne ne a gabanki.

Tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, wadda ake kira otokilef, ita ma tana da nata ruɗin. Ƙa'idar da aka sani ita ce zafin digiri 121 na ma'aunin Salsiyos na aƙalla minti 15, amma lissafin yana farawa ne daga lokacin da tururi ya ratsa tsakiyar kayan, shi ya sa jakar shara mai kauri take buƙatar lokaci fiye da haka, kuma ba a ɗaure bakinta tamau ko a cusa kaya har tukunyar ta cika maƙil. Tef ɗin da ake manna wa jakar, mai sauya launi, yana nuna cewa zafi ya taɓa bayan jakar ne kawai. Shaidar da ake dogara da ita ita ce gwaji da ƙwayar Geobacillus stearothermophilus, wadda take da juriyar zafi sosai: idan ta mutu, tukunyar tana aiki. Kada kuma a sa abin da aka jiƙa da ruwan kulorin a ciki, domin yana fitar da iska mai guba kuma yana cinye ƙarfe.

Zuƙar samfur da baki ta cikin bututun awo haramun ne a kowane ɗakin gwaji, babu uzuri. Wajen goge jinin da ya zube, a rufe shi da takarda mai tsotsa, a zuba ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100 daga gefe zuwa tsakiya, a ba shi lokaci kafin a kwashe. Alkohol mai ƙarfin kashi 70 yana saurin bushewa, kuma ba ya kashe ƙwayoyin cutar da suka lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri.

Allura kuwa ba a mayar mata da hula bayan an yi amfani da ita, kai tsaye ake jefa ta cikin mazubin da ba ya hujewa. Idan allurar da ta taɓa jinin mai cuta ta soki mutum, yiwuwar kamuwa da HIV tana kusan kashi 0.3 cikin 100, amma ta ciwon hanta nau'in B tana iya kaiwa kashi 30 ga wanda bai yi rigakafi ba, don haka ki tabbatar kin kammala allurar rigakafinsa. In tsautsayi ya afku, ki wanke wurin da ruwa da sabulu, ki kai rahoto nan take, domin maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin sa'o'in farko, kuma ba a wuce sa'o'i 72.