Na taɓa kuɗin makarantar yara na yi wa surukata kyauta, laifi na yi?

TAMBAYA

Salama Anti, sannu da aiki. Ni matar aure ce a nan Birged, yarana uku. Kirsimetin da ya wuce na ga Mama, wato uwar maigidana, ta yi shekara biyu ba ta ɗinka sabon kaya ba, abin ya tsaya min a rai, sai na ɗauki dubu 45 cikin kuɗin makarantar yara da Baban yara ya bani ajiya na shiga Kantin Kwari na sayo mata atamfa mai kyau har da kuɗin tela. Da aka koma makaranta a Janairu aka koro babbar 'yata, shi kuma har yau fushi yake dani. Na ce mishi ai gwauruwar nan ta ba da duk abinda take dashi kuma Yesu ya yabe ta. Abinda yafi cin raina ma, Mama ko saka kayan bata yi ba, suna cikin akwati. Dan Allah ina kuskurena?

Wata 'yar'uwa daga Birged, Kano

AMSA

Ƙanwata, salama. Zuciyar da ta kalli tsohuwa ta lura zaninta ya koɗe, wannan zuciyar kar ki bari fushin kowa ya kashe miki ita, mata nawa ne ke zaune da suruka ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Amma tunda kin tambaye ni zan faɗa miki gaskiya, kin yi kuskure, kuma ayar da kika kawo ba ta tsaya miki ba.

Ki sake buɗe Markus 12:41-44 ki karanta a hankali. Anini biyun da gwauruwar ta jefa a baitulmalin Haikali nata ne, abincin bakinta ne, idan za a kwana da yunwa ita za ta kwana. Ke kuma waye ya ɗanɗana zafin kyautarki? Yarinyar da aka kira sunanta a gaban 'yan ajinsu aka ce ta ɗau jakarta ta tafi gida, da mijin da ya baki amana yana ganin ya gama da wannan zangon. Kinga wuyan wani kika ɗora wa kayan. Sarki Dauda a 2 Sama'ila 24:24 ƙin karɓar masussukar Arauna ya yi kyauta, ya ce ba zai miƙa wa Allah hadayar da bai biya komai a kanta ba. Da kin haƙura da naki ɗinkin Kirsimetin, ko kin ba da kwasar adashinki, ko kin yi wata biyu kina rage kuɗin kati da anko, da ni ce farkon wadda zan miƙe na tafa miki.

Kuma fa Bulus da kanshi, lokacin da yake tara gudummawa wa matalautan Urushalima, ya yabi ikilisiyoyin Makidoniya da suka bayar cikin tsananin talauci, amma a wannan surar dai, 2 Korintiyawa 8:12-13, ya ce ana karɓar baiko gwargwadon abinda mutum yake dashi, ba nufinshi a sauƙaƙa wa wasu a matsa wa wasu ba.

Sai maganar kayan da ke cikin akwati, nan ne nake so ki tsaya sosai. Kin tambayi Mama me take buƙata kafin ki tafi Kwari? Akwai wata gwauruwa da muke Zumuntar Mata tare a Sabon Gari, wata shekara turmi uku aka kawo mata a sati ɗaya, kowa da farin cikinshi, ni ma har da nawa a ciki. Bayan sabuwar shekara na leƙa ɗakinta na tarar tana ɓalla ƙwayar maganin hawan jini gida biyu da farce, tana shan rabi yau rabi gobe don ya kai ta ƙarshen wata, ga atamfofinmu can saman kwaba ko ledarsu ba a cire ba. A ranar, kunya ta hana ni zama. Mun sayi abinda idonmu ke so a gani a jikinta ranar Lahadi a ce wance ce ta yi, babu wadda ta zauna da ita minti goma ta ji me ke hana ta barci.

Ban ce tsada haramun ce ba. Maryamu ta Betanya ta zuba wa Ubangiji turaren nardi da Yahuza ya yi wa kuɗi dinari 300, kusan ladan lebura na shekara guda kenan, Yesu kuma ya kare ta a Yohanna 12. Sai dai turaren nata ne, kuma ya zo daidai lokacinshi, kwana shida kafin Idin Ƙetarewa, Yesu da kanshi ya ce na jana'izarshi ne.

Ina kyautata zaton Mama ta ji labarin korar jikarta, shi yasa kayan suka yi mata nauyin sakawa, wace kaka ce za ta yi kwalliya da kuɗin makarantar jika.

Don haka yau da daddare in yara sun kwanta ki samu maigidanki ki ce mishi kin taɓa amana ba da saninshi ba, ya yafe miki, kar ki haɗa da aya ko ɗaya. Ki faɗa mishi yadda za ki mayar da dubu 45 ɗin daga sana'arki ko da dubu biyar biyar ne. Yarinyar ma ki bata haƙuri, ba ƙasƙanci bane. Ranar Asabar kuma ku je gaida Mama ku biyu, shi da bakinshi ya ce mata an biya makaranta, ta saka kayanta. In kun zauna sai ki duba buhun shinkafarta da kwalin maganinta kafin ku taso.