Tambaya da amsa: Ina waya ina tuƙi amma da iyafis, shi ma akwai matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne ina jan Sharon daga Ringim zuwa Kano, ranar Alhamis kuma ina lodin kasuwar Maigatari. Gaskiya wayata bata hutawa, mai mota ya kira, masu saƙo su kira suji ina na kawo, ɗan kamasho ya kira yace ga fasinja a gaba, wani kuma yace in duba alat ya turo kuɗin mota. Shekarata tara a tuƙi ko akuya ban taɓa bugewa ba. Satin da ya wuce wata dattijuwa tayi min faɗa a mota har tace in sauke ta saboda ina waya, alhali iyafis ne a kunnena kuma hannuna biyu suna kan sitiyari. Shin iyafis ɗin ma laifi ne? Ni dai gani nake wannan maganar ta ƴan birni ce masu gosulo, mu hanyarmu fayau take.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa. Na ja motar haya shekaru da yawa kafin na koma koyar da tuƙi, dan haka duk kiran nan da ka lissafa na san su, na san yadda mai mota yake yi idan ya kira sau biyu baka ɗauka ba, sai ya fara tunanin ko ka saci lodi ne ko ka daki motar. Amma gaskiya zan faɗa maka, dattijuwar nan ita ce da gaskiya, kuma eh, da iyafis ɗin ma akwai matsala.

Abu uku waya take ɗauke wa direba: hannu, ido da hankali. Iyafis ya dawo maka da hannu, wani lokacin ya dawo da ido, hankalin kuwa yana can wajen wanda kake magana dashi. Ka taɓa lura idan kana rigimar balas da mai mota a waya, sai ka kashe ka ga ashe har ka wuce Gezawa baka san lokacin da ka wuce ba? Toh waye ya ja motar a wannan tsakanin? Idonka a buɗe yake yana kallon kwalta amma ƙwaƙwalwa bata karanta abin da idon yake kawo mata, sai yaro ya tsaya a bakin titi ka kalle shi sarai amma baka gan shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace direban da yake amfani da waya haɗarin yin hatsarinsa ya ninka na wanda baya yi kusan sau 4, kuma ta faɗa a fili cewa wayar da ba a riƙe a hannu bata fi wadda ake riƙewa aminci da wani abin kirki ba. Tun 1997 aka samu wannan ninki huɗun a wani bincike da akayi a Toronto ta ƙasar Kanada, inda aka bi bayanan kiran direbobi 699 da suka yi hatsari aka duba me suke yi da wayarsu a ƴan mintunan kafin abin ya faru. A 2006 kuma masu bincike a jami'ar Utah ta Amurka suka gwada masu waya da masu maye a na'urar gwajin tuƙi, suka samu lalacewar tuƙin mai waya ta kai ta wanda ya sha giya daidai iyakar da dokarsu ta hana, da iyafis ko babu. Na san kai ko kuɗi za a baka bazaka sha wani abu ka hau sitiyari ba, toh ka auna wannan.

Zaka iya cewa ai ina hira da fasinjan gaba ma, meye bambancin? Akwai bambanci babba. Wanda yake zaune kusa da kai hanya ɗaya kuke kallo, idan kazo obatekin ɗin tirela shiru zai yi da kansa, idan ya hango rami ko saniya zai ce direba ga abu can. Wanda yake waya daga shagonsa a kasuwar Kantin Kwari ta Kano baya ganin komai, kana tsakiyar kwana zai ce maka "ka ji ni kuwa? nace dubu nawa?" kuma kai dan kar ya ga ka raina shi sai ka amsa. Ga netiwok ɗinmu na ƙauye da yake yankewa, kana ta halo halo kana ƙoƙarin haɗa rabin maganar da kaji, wannan ma aikin ƙwaƙwalwa ne da ka cire daga kan hanya.

Yanzu maganar da tafi damuna a tambayarka, wato cewa hanyar ƙauye fayau take. Wallahi ƙanena wannan fayau ɗin shi yake kashe mu. Ɗan birni a gosulo idan ya duba waya ya daki na gabansa fitila ce zata fashe ayi cacar baki a rabu. Kai kuwa a kan 100 kake, wani lokacin fiye. Mota a kan kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a duk daƙiƙa ɗaya. Duba alat, ka zaro wayar ka buɗe ta ka nemo saƙon ka karanta adadin, bazai gaza daƙiƙa 4 ko 5 ba, kaga kayi tafiyar mita 110 zuwa 140 kenan, ya fi tsawon filin ƙwallo, da mutane cike da mota da buhuna a but, babu mai kallon hanya. Da wani zai ce ka rufe ido ka ƙirga biyar a kan wannan gudun cewa zaka yi bashi da hankali. Kuma ko da ka ɗago ka ga abin, mota mai lafiyayyen birki a busasshiyar kwalta tana buƙatar wajen mita 70 zuwa 80 kafin ta tsaya cak daga wannan gudun, balle Sharon da aka yi wa lodin ranar kasuwa da tayoyin da suka sha duniya. A 2009 wata cibiyar binciken sufuri a jihar Bajiniya ta Amurka ta saka kyamarori a cikin manyan motoci tana kallon direbobi a ainihin aikinsu, ta samu mai rubuta saƙo yana tuƙi haɗarinsa ya ninka sau 23. Dan haka karatu da rubutu a waya, cati ne ko alat ko neman lamba, wannan babu ma tattaunawa a kansa.

Sannan ka tuna me yake kan hanyar tamu. Da damina gero da dawa suna tsayawa har bakin kwalta sun fi mutum tsawo, baka ganin abin da zai fito sai ya fito. Amalanken shanu da bashi da fitila ko ɗaya yana dawowa daga gona da magariba. Garken shanu yana tsallakawa a inda burtali ya ratsa titi. Ɗan acaba da ya ɗauko mutum uku ya fito daga burji ya hau kwalta ko waiwaye babu, shi ma watakila wayarsa tana soke a cikin hula yana magana. Yara ƴan talla a Gujungu da suke rugowa da gudu idan sun ga mota ta rage tafiya. Da hunturu ga hazo. Kuma idan abu ya faru a daji, asibitin da zai iya tsayar da jini ko ya duba wanda ya bugu a kai yana da nisa, mutum sai ya cika a bayan a-kori-kura kafin a isa.

Ni kaina abin ya taɓa kusa faruwa dani, shi yasa bana ɗaukar maganar da wasa. Lokacin ƙananan Nokia ne, damina ta yi nisa gero ya fitar da kai, wayar tana kan kujera a gefen cinyata tayi ƙara, ban ma ɗauka ba, sunkuyar da kai kawai nayi in ga waye. Sai naji dattijon da yake gaba ya daka min tsawa "direba!" Ina ɗagowa sai ga yarinya da bata wuce shekara bakwai ba ta biyo akuya daga cikin geron, farantin gyaɗa a kanta. Na murɗe sitiyari na taka birki motar ta sauka gefe tana jan ƙasa, madubin gefe ne ya daki farantin. Har yau ina jin ƙarar farantin nan yana juyi a kan kwalta, gyaɗa ta watse ko'ina, yarinyar ta tsaya ƙiƙam ko kuka ta kasa yi. Na fito ƙafafuna sun ƙi ɗaukata sai da na zauna a ƙasa. Mai kiran kuwa tambaya zai yi ko zan taho masa da buhun gawayi. A lokacin nima ina da shekaruna a tuƙi ban taɓa buge komai ba, irin shekara taran nan taka. Shekara tara babu hatsari alheri ne ka gode wa Allah, amma abin da take nunawa kawai shine har yanzu ba a samu ranar da duba wayarka ya haɗu da fitowar yaro a daƙiƙa ɗaya ba.

Ta ɓangaren doka kuma, amfani da waya a kan tuƙi laifi ne a Najeriya, yana cikin jerin laifukan da ƴan rod sefti suke kama mutum a kai, an daɗe tararsa tana naira 4,000 da makin laifi 4 da ake rubutawa a kan lasisi. Ni a ganina tarar tayi kaɗan ƙwarai, a Ingila tun 2017 fam 200 ce da maki 6, sabon direba lasisinsa ma yake rasawa a kamu ɗaya. Amma mu da muka san hukuncin kisan kuskure, diyya ga iyalan mamaci da azumin wata biyu a jere, bai kamata sai mai kaki ya tsaya a hanya zamu ajiye waya ba. Rayukan da suke bayanka amana ce suka baka lokacin da suka biya kuɗin mota. Ka je ka tambayi malamin garinku yadda hukuncin yake idan sakacin direba ne ya jawo, zaka ji abin da zai sa jikinka yayi sanyi.

Toh ya zaka yi da sana'a, tunda kiran nan abincinka ne? Abin da nake koya wa yarana shine a gama harkar waya a tasha. Kafin ka tada mota ka kira masu saƙo kace na taso, ƙarfe kaza ku tsaya a wuri kaza, wanda zai yi tiransifa yayi ka ga alat ɗinka tun kana tsaye, wanda bai yi ba sai an sauka. In kana da yaron mota wayar ta zauna a hannunsa shi ne sakatarenka, in babu ka saka ta a sailent ka jefa a aljihun gaban mota ka rufe, kar ka barta a cinya ko a kan dashbod inda haskenta zai ja idonka, ni abin da ya kusa kai ni kenan. Ai dama kana tsayawa sauke fasinja da ɗauka a hanya, a nan zaka duba wanda ya kira. Idan kira ya nace har kaji a ranka lallai wani abu ne, ka sa sigina ka sauka daga kwalta gaba ɗaya, banda kan kwana banda kan gada banda bayan tudu, kayi fakin ka amsa, minti biyu ne. Kuma idan ka gama kar ka figi motar nan take, musamman in maganar ta ɓata maka rai, an gwada an ga hankali yana iya kai wa daƙiƙa 27 bai gama dawowa kan hanya ba bayan mutum ya gama hulɗa da waya, ka ɗan numfasa ka duba madubi tukunna.

Mai mota kuma ka same shi cikin girmamawa kace Alhaji in ka kira ban ɗauka ba ina kan hanya ne, ina tsayawa zan kira ka. Duk mai motar da ya san kuɗin da ya zuba a Sharon zai gane, in ma bai gane dan rayukan mutane ba zai gane dan motarsa. Haka iyalinka a gida, su san lokacin da kake kan titi. Mu ma masu kiran direbobi muna da namu laifin, kana jin ƙarar inji da iska a wayar ka san mutumin nan tuƙi yake, kace masa in ka tsaya ka kira ni ka kashe, ba sai ka tsaya dogon gaisuwa da ya gida ya yara ba. Kuma da ciyamomin tasha zasu sa wannan cikin dokar yuniyon yadda suke hukunta wanda ya saci layi, da an ga canji da wuri, dan direba yafi jin tsoron a hana shi lodi kwana uku akan tarar gwamnati.

Ka ajiye 122 a wayarka, lambar gaggawa ce ta rod sefti kyauta ake kira, ko 112, saboda ranar da zaka tarar da hatsari a hanya. Dattijuwar nan kuma tunda ƴar hanyarka ce zaka sake ganinta a tasha, in ka ganta ka gaishe ta ka bata haƙuri, kace Iya na ji maganarki, ka sa ta a kujerar gaba.