Yanar ido ba yanar kunu ba ce

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce, ina shekarar farko a karatun jinyar ido. Kawuna yana fama da yana a ido biyu, har ya daina gane kuɗi. An kawo masa wani maganin ɗigawa, wai yana narkar da yana cikin mako uku, in bai yi ba kuma akwai mutumin da zai zo ƙauyenmu bayan sallah ya kwantar masa da ita. 'Yan gida sun zubo mini ido, wai ni ce mai karatun ido. Na haddace sassan ido don jarrabawa, amma na kasa ba su amsa, hankalina a tashe yake. Akwai ɗigon da ke wanke yana?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Babu shi. Dalilin kuma yana cikin histolojin da kika haddace, wato ilimin yadda aka gina naman jiki, ba a dai haɗa miki shi da idon kawu ba ne.

Sunan ne ya fara cutar mu. Bahaushe in ya ji "yana", abin da ke zuwa ransa shi ne wadda ke kwanciya a kan kunu in ya huce, a sa ludayi a yaye. Sai ya ɗauka abin yana saman ido, ana iya wanke shi ko a kankare. Ɗauki tocila ki haska idon kawu ta gefe. Za ki ga koniya, wato fatar gaban baƙin ido mai kama da gilashi, garau take, tana sheƙi, farin kuma yana can ciki, ta bayan ɗan ramin tsakiyar baƙin ido. Madubin ido, wanda ke tattara haske a cikin ido, shi ne da kansa ya dushe. Abin da ke saman ido da gaske shi ne hakiya, wato tabon koniya, ko naman nan da ke rarrafowa daga gefen hanci, su kuma maganarsu daban.

Tuna yadda aka gina madubin. Jaka ce siririya, a cikinta ta gaba akwai layi ɗaya na ƙwayoyin halitta. Su ne ke miƙewa su zama zare, su zubar da cibiyarsu da duk kayan aikin cikinsu don kada su tare haske, su cika da furotin da ake kira kiristalin. Ba jijiyar jini, ba jijiyar jin zafi, abincinsa daga ruwan gaban ido yake samu. Sabon zare yana hawa kan tsoho kamar ɓawon albasa, tsohon ba ya fita. Ke nan furotin da ke tsakiyar madubin kawu tun yana cikin mahaifiyarsa yake nan, ba a taɓa sabunta shi ba. In shekaru, ko ciwon suga, ko bugu suka sa ya dunƙule, ya zama kamar farin ƙwai da aka dafa. Ki tambayi 'yan gida wane ruwa ake zuba wa dafaffen ƙwai ya koma ɗanye.

Ki karɓi kwalbar ki karanta jikinta. In kin ga deksametason ko betametason, a daina yau, a je a auna masa matsin ido. Irin wannan ɗigon yana sa jan ido ya washe, mutum ya ce magani ya karɓe shi, alhali a wasu mutane yana toshe matatar da ruwan ido ke fita ta cikinta. Matsin da ya kamata ya tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin matsin ido sai ya haura, jijiyar gani ta riƙa mutuwa shiru. Abin takaici, shi kansa maganin yana haifar da yana in aka daɗe a kansa. In kuwa kwalbar ba rubutu, haɗin gida ne, to koniya nake ji wa tsoro. Kaurinta rabin milimita ne kawai. Fatar samanta tana warkewa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma in gyambo ya nutsa cikin namanta, tabo ne har abada.

Mai kwantar da yana shi ne ya fi tayar mini da hankali, don aikinsa nake gani kusan kowane mako. Yakan soka tsinke ko allura ta gefen ido, ya tsinka zaren da ke riƙe da madubi, ya tura shi baya ya faɗa cikin ruwa mai kauri na cikin ido. Nan take tsoho ya ga haske, ya ga giftawar mutane, a yi kabbara, mata su rangaɗa guɗa, a ba da akuya. Ban musa ba, ya gani ɗin. Ƙyauren da ya tare ƙofa aka ture. Amma ido mai ƙarfin diyofta (ma'aunin ƙarfin tabarau) kusan 60 ya rasa wajen 20 na madubi, ba abin da zai fito masa sosai sai da tabarau mai kaurin gindin kwalba. Wannan ma in an yi sa'a ke nan. In jakar ta fashe, furotin da ya rayu a rufe ya zubo, jiki ya taso masa kamar baƙo, ido ya kumbura ta ciki, matsi ya hau. Ga ƙwayoyin cuta da tsinken ya shigar, ga ratina, shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, da kan iya ɓallewa. Kafin zafin ya fara, mutumin ya yi kasuwa uku gaba. Sai a kawo mini tsoho bayan wata biyu, ya ɗaure kai da rawani saboda ciwo, idon ya yi tauri kamar dutse, a ce Likita a taimaka. Garin neman gira an rasa ido, kuma ni ake so in dawo da shi.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka yi wa aikin yana, kwantarwa aka yi musu, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun makafi ne. Duk da haka mutumin nan yana yawo da jakarsa a fili, ba mai tambayarsa takarda, mu kuwa sai mu yi wata muna jiran sa hannu kafin mu fita aikin ido kyauta a ƙauye.

Za su ce miki a asibiti ana ciro ido a wanke a faranti a mayar. Ke kin san jijiyar gani zare ne sama da miliyan ɗaya, in an yanke ba mai ɗinke ta. Ido yana wurinsa ake aikin. A kashe zafi, a yi 'yar ƙaramar kafa, a fitar da dusasshen madubi, a bar jakarsa, a zura na roba a ciki. Abin minti ashirin ne ko ƙasa da haka, washegari a buɗe bandeji.

Kafin ku tafi, rufe masa ido ɗaya ki haska ɗayan ta sama, ƙasa, dama da hagu, ya nuna miki inda hasken yake, ki kuma duba ko ramin baƙin idon yana tsukewa. In yana yi, alama ce mai kyau cewa jijiya da ratina suna aiki. A auna masa suga da hawan jini. Kada ki yi gardama da manya a tsakar gida. Ki sami wanda kawu ke jin maganarsa, ki ba shi tocilar ya leƙa da kansa, sannan ku sa ranar zuwa asibitin ido kafin sallah.