Kifin halal ne, amma me aka shafa masa? Hukuncin cin abinci a gidan abincin Japanawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina aiki a wani kamfani a Landan, shekarata ta uku ke nan. Mun kammala wata kwangila, sai shugaban sashenmu ya kama mana wuri a wani gidan abincin Japanawa na alfarma a unguwar Mayfair. Mu takwas ne, ni kaɗai ne Musulmi. Irin cin da za a yi suna kiransa omakase, wato ba ka zaɓar komai, kuku ne ke tsaye yana miƙo abin da ya ga dama, loma bayan loma. Kuɗin mutum ɗaya ya haura fam 200, kamfani ne zai biya. An ce mini galibi ɗanyen kifi ne da shinkafa, sai ɗan naman sa da ake kira wagyu. Wani abokina ya ce ai kayan ruwa duk halal ne, in je in ci kawai. Zuciyata dai ba ta kwanta ba, kuma na san abokan aikina za su sha giya. Mene ne hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, rabin maganar abokinka gaskiya ce, bari mu fara da ita. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 96 an halatta mana farautar teku da abincinta. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira cewa an tambayi Annabi (SAW) game da ruwan teku, sai ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Rundunar Abu Ubaida, mutum 300, yunwa ta galabaitar da su a gaɓar teku, ruwa ya jefo musu mataccen ƙaton kifin nan anbar, suka yi kwanaki suna ci, da suka koma Madina Annabi (SAW) ya nemi a ba shi cikin abin da suka rage, ya ci. A kan wannan Shaihu Halil ya lissafa abin ruwa cikin halal a Mukhtasar, ya ce ko da matacce ne. Don haka a wajen Malikiyya kifi da ƙwansa, jatan lande, ƙaguwa, unagi mai kama da maciji, da mai hannuwa takwas ɗin nan da suke kira tako, duk halal ne. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi kaɗai, shi ya sa za ka ga wasu 'yan'uwa 'yan Pakistan ko Turkiyya suna kauce wa ƙaguwa. Kada ka yi musu inkari, su ma da hujjarsu.

Cin sa ɗanye ma bai haramta shi ba. Babu nassin da ya ce sai an dafa kifi. Bahaushe yana ƙyamar ɗanyen abu, amma ƙyama daban, haramci daban. Annabi (SAW) bai ci damo ba domin ba abincin mutanensa ba ne, aka ci a gabansa bai hana ba. Sharaɗin kawai shi ne kada ya cutar. Kifin fugu mai dafi, wanda sai kuku mai lasisi ke yanka shi a Japan, an hana sayar da shi a Birtaniya, don haka ba za ka gamu da shi ba.

To, inda abokinka bai duba ba shi ne abin da ake shafa wa kifin, kuma nan ne gizo yake saƙa.

Girkin Japanawa yana tafiya ne da abubuwa biyu da ba ka ganinsu a faranti. Na farko sake, giyar shinkafa, wadda sinadarin bugarwa a cikinta ya kai wajen kashi 15 cikin ɗari. Kamar yadda ake yin burukutu da dawa haka ake yin ta da shinkafa, kuma sha ake yi a bugu. Na biyu mirin, ita ma giyar shinkafa ce mai zaƙi, ta asalin tana da wajen kashi 14. A da can ma shan ta ake yi kafin ta koma kayan girki. Waɗannan biyun giya ne a shari'a ba tare da wani kwana-kwana ba, domin Annabi (SAW) ya ce duk mai bugarwa giya ne, duk giya kuma haramun ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar. Ya kuma ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Abin da ya kamata ka lura da shi: yadda gidan abinci ya fi tsada, haka yiwuwar haɗuwa da su ta fi yawa. A ƙaramin shago ana ba ka kifi a kan shinkafa ka tsoma a miya da kanka. A omakase kuwa kuku yakan ɗauki ɗan buroshi ya shafa wa kowace loma wani romo mai suna nikiri kafin ya miƙo maka, shi kuma ana haɗa shi ne da miyar waken suya da sake da mirin. Romon nan mai zaƙi da ake gasa unagi da shi, da na teriyaki, da ƙwan da ake naɗewa mai suna tamago, da baƙin kifin da ake jiƙawa cikin miso, wato kwaɓin tsimammen waken suya, kwana biyu ko uku, duk bisa al'ada da mirin ko sake ake yin su. Har kifin da ake gasawa da gishiri kawai, wasu sukan yayyafa masa sake don kashe ƙarni.

Za su ce maka ai an tafasa, giyar ta tashi. Amsa biyu gare mu. Ta farko, ba ta tashi gaba ɗaya. Alƙaluman da ma'aikatar noma ta Amurka ta wallafa sun nuna bayan minti 15 ana dahuwa kusan kashi 40 na sinadarin yana nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai ragowar kusan kashi 5. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci a wurinmu, mazhabobi huɗu sun tafi a kan giya najasa ce, kuma Halil ya faɗa ƙarara cewa abinci mai ruwa-ruwa yana najasta da najasa ko da kaɗan ce, naman da aka dafa da najasa kuma ba ya tsarkaka. Na san an ruwaito daga Rabi'a, malamin Malik, da Laisu bin Sa'ad da Muzani cewa zatin giya ba najasa ba ne, na kuma san maganar malaman da suka ce najasar da ta narke ta ɓace cikin abu mai yawa ba ta da hukunci. Amma waccan magana a kan ɗigon da ya faɗa bisa tsautsayi ne ya ɓace, babu launi babu ɗanɗano babu ƙamshi. Shi wannan kuku da gangan ya zuba, domin ɗanɗanon da ƙamshin yake nema. Abin da aka zuba don a ji shi, yaya za a ce ya ɓace? Abin da na tafi a kai shi ne bai halatta ka ci abin da ka san an sa masa sake ko mirin ba, an tafasa ko ba a tafasa ba.

Kada kuma wannan ya kai ka ga waswasi a kan komai. Shinkafar sushi, wato lomar shinkafar da ake ɗora wa kifi, da ruwan khal (binega) na shinkafa ake kwaɓa ta, khal kuwa halal ne. Annabi (SAW) ya yabe shi, ya ce madalla da mahaɗi khal, kuma Halil ya sa giyar da ta rikiɗa ta zama khal cikin abubuwa masu tsarki. Sai dai ka tambaya, domin wasu suna ƙara wa shinkafar mirin. Miyar waken suya da suke kira shoyu ita ma tsimata ake yi wata da watanni, kamar yadda muke tsima kalwa ta zama daddawa, kuma tsimin yana haifar da ɗan sinadarin bugarwa. Ba a yi ta don sha ba, ba a zuba mata giya ba, gishirinta kuma zai kwantar da mutum tun kafin ya kusanci maye. Hukuncinta hukuncin nono mai tsami ne da kunun da ya kwana. Annabi (SAW) ana jiƙa masa zabibi ya sha har kwana uku, matuƙar bai kai ga bugarwa ba. Romon dashi, na ganyen teku da busasshen kifi, babu komai a asalinsa.

Naman wagyu kuwa, bar shi sai ka ga shaidar yankan halal. Idan daga Japan aka kawo shi, mafi yawan mutanen ƙasar mabiya Shinto ne da Buddha, ba sa cikin Ma'abota Littafi da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana yankansu. Akwai 'yan mayanka a can masu shaidar halal da ke fitar da nama zuwa ƙasashen Musulmi, amma ba a ɗauka naman daga can yake sai da tabbaci. Idan kuma na Ostireliya ne ko na Birtaniya, an koma kan saɓanin da ka sani game da mayankar Turawa ta yau, inda ake harbin kan sa da bindigar ƙarfe kuma ba a ambaton sunan Allah. Kana zaune a garin da naman halal ke kowace unguwa, ban ga abin da zai kai ka ga shubuha ba. Asalin nama haramci ne har sai yanka ya tabbata, saɓanin sauran abinci. Hadisin Nana A'isha da ake yawan kafa hujja da shi, na ku ambaci sunan Allah ku ci, a kan Musulmi ne sababbin shiga Musulunci, ba a kan kowane nama ba.

Alade ma yana nan da sunaye da ba za ka gane ba: tonkotsu romon ƙashinsa ne, chashu da tonkatsu da kakuni namansa ne, gyoza ma galibi da shi ake cusa ta. Idan a kan farantin ƙarfe ɗaya ake gasa komai, ko a mai ɗaya ake suya, ka nemi a wanke ko a ware maka. Haka Annabi (SAW) ya umarci Abu Sa'alaba al-Khushani game da ƙoren mutanen da ke dafa alade suna shan giya: in an sami wasu a bar su, in ba a samu ba a wanke a ci.

Yanzu maganar da na san ta fi maka nauyi, ta teburin. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Lafazin ya ambaci teburi, don haka shiga ginin da ake sayar da giya, ka zauna a naka wurin da babu ita, ba shi hadisin ya hana ba, ko da yake wurin da babu ita kwata-kwata ya fi. Amma ku takwas a jere, ana tsiyaya sake ana ɗaga kofi ana cewa kanpai, wannan shi ne ainihin abin da aka hana, ko da ruwa ne a kofinka. An ruwaito cewa an kawo wa Umar bin Abdul'aziz mashaya, aka ce cikinsu akwai mai azumi, ya ce da shi za a fara bulala, ya karanta aya ta 140 ta Suratun Nisa'i.

Ba na raina halin da kake ciki. Mutum shi kaɗai cikin baƙin mutane, abincinsa na hannunsu, yana tsoron a ce ba ya shiga jama'a, abu ne mai ciwo, kuma masu fatawa daga gida sukan manta da haka. Sai dai lalura tana da ma'auni. Jin kunya ba lalura ba ce, tsoron a yi maka kallon baƙauye ma haka. Ka sami shugaban naka tun yanzu, kai da shi, ka yi masa godiya, ka gaya masa addininka bai ba ka damar zama inda ake shan giya ba. Ka kawo mafita da kanka: a mayar da shi cin rana, lokacin da da yawa ba sa sha saboda aiki, ko a ci abincin tukuna su wuce wajen shansu bayan ka tafi, ko ka zo ka gaisa a yi hoto ka yi sallama. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta sa addini cikin abubuwan da ba a nuna wa ma'aikaci bambanci a kansu, kuma Turawa sun fi girmama wanda ya faɗi matsayinsa a fili da ladabi fiye da mai noƙe-noƙe. Idan har ta tabbata rashin zuwanka zai raba ka da aikin da kake ciyar da iyali da shi, tabbaci ba zato ba, to ka je gwargwadon buƙata, ka zauna a gefe, kada ka miƙa kwalba kada ka ɗaga kofi tare da su, ka ƙi abin a zuciyarka, ka tashi da wuri.

Batun tsada, tunda kamfani ne zai biya, ba a wuyanka yake ba. Da kuɗinka ne da na ce ka duba halinka. Allah bai haramta daɗɗaɗan abinci ba, aya ta 32 ta Suratul A'araf ta faɗi haka, amma ayar da ke gabanta ta hana ɓarna. Wanda ake bin sa bashi, ko mahaifiyarsa ke jiran kuɗin magani a gida, fam 200 a cin dare ɗaya ɓarna ce a kansa ko da ba ɓarna ba ce a kan wani.

Idan ma'aikatan gidan abincin za su rusuna maka, ka amsa da murmushi da ɗan gyaɗa kai, kada ka sunkuya kamar mai ruku'u. Tsinkayen cin abincin ka riƙe da dama, sushi ma a al'adarsu ana ɗaukarsa da hannu. Ka yi bismillarka.

Idan an daidaita maganar teburin, ka buga wa gidan abincin waya kwana biyu ko uku kafin ranar, domin omakase tun da wuri ake shirya shi. Dokar ƙasar ta tilasta musu bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane da rashin lafiya, giya ba ta cikinsu, don haka ba za su faɗa maka ba sai ka tambaya. Kada ka ce musu kawai ba ka shan giya, za su ɗauka ta kofi kake nufi. Ka ambaci sunayen: babu sake, babu mirin, babu nikiri, babu nama, a ba ka shoyu zalla a gefe. Idan kuku ya ce zai iya, maganarsa ta isar maka, ba a ɗora maka shiga kicin bincike ba. Idan ya ce ba zai iya canja girkinsa ba, ka tsaya a kan sashimi, wato yankan kifi zalla, da farar shinkafa da dafaffen waken edamame.

Wallahu a'alam.